Yadda Na Shanya Baƙar Laka

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa duwatsu, ya ajiye magani a inda ido ke ƙyama, ya ɓoye cuta a inda hanci ke marmari. Ku matso ku zauna. Mai tabarma ya shimfiɗa, marar tabarma ya share ƙasa. Ni ce Kuluwa mai gyaran jiki, 'yar Birnin Sansami da ke bayan tekun yashi, kuma labarin wautata zan ba ku tun daga kai har wutsiya. Wanda dariya ta zo masa ya yi abarsa, don ni ma na daɗe da shiga sahun masu yi mini ita.

A zamanin da nake magana, babu macen da za ta yi biki ko suna a Sansami ba ta biyo ta hannuna ba. Dilka, kurkum, lalle, man kaɗanya, alayyadi, duk na san su kamar yunwar cikina. Abin da ban sani ba kuwa ban taɓa yarda cewa ban san shi ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ina da yaya guda ɗaya, sunanta Tabawa, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ungozoma ce, rabin mutanen birninmu a hannunta suka sauko duniya. To ruwan zafin wankan jego da sabulun salo sun sa hannayenta sun yi kaushi, ni kuma abin yana ci mini rai. Ina ganin mata za su ce wace irin mai gyaran jiki ce wannan, ga hannun yayarta kamar ɓawon itacen kuka. Ita ko a jikinta. Ni na matsa, na ce sai na haɗa mata man da ba a taɓa haɗa irinsa ba.

Na taɓa jin wata tana cewa nonon tinya, farin ruwan nan mai ƙuna da ke fita daga itacen tinya, yana cire matacciyar fata. Ban tambayi yawan da ake sawa ba, don tambaya a wurina faɗuwar girma ce. Na tatsi rabin ludayi na juye cikin man kaɗanya, na bi da turare don ya danne wari. Yaya ta shinshina, ta dube ni, ta tambayi abin da ke ciki. Na ce mai ne da turare kawai. Ta miƙo hannu, na shafa mata har wuyan hannu, na naɗe da tsumma, na ce ta bar shi yini guda.

Da aka kwance tsumman, fata ta biyo shi. Bayan makonni ciwon ya rufe, amma fatar da ta fito ta ɗaure yatsun, tana tsagewa tana ƙaiƙayi, har Yaya ta kasa riƙe askar yanke cibiya. Mata suka fara kiran wata ungozoma daga unguwar marina. Na tsaya a tsakar gida na ce lallai wata muguwar iska ce ta bi ta kanta, na ƙara da cewa cutar zamani sai addu'a. Yaya ta ce Allah ya sa kaffara ce, ba ta ƙara ko kalma ba. Wannan shirun nata ya fi duka ciwo, amma bai kai ya buɗe bakina ba.

Ana nan sai ayarin Madugu Cindo ya sauka a kasuwarmu. Na je sayen turare, idona ya faɗa kan ƙafarsa. Mutumin da ya shekara talatin yana taka ƙaya da tsakuwa, amma diddigensa sumul, babu faso ko ɗaya. Na tambaye shi man da yake shafawa, ya yi dariya ya ce ba mai ba ne, laka ce. Ya ce can gabas, tafiyar wata uku, akwai ƙasar da ake kira Girgiza, inda ake haƙo wata baƙar laka daga ƙarƙashin fadama, kuma ya ga fatar da wuta ta ɗaure ta saki a cikinta. Nan take na ce abin nema ya samu. Zan je in ɗebo, in warkar da Yaya, a yabe ni, maganar tinya kuma ta mutu a cikina.

Na sayi jaki, na ɗaura masa zannuwa shida da madubi da tandun mai, kamar mai zuwa biki. Yaya ta rako ni bakin ƙofa, hannayenta cikin mayafi, ta ce in riƙa shan ruwa.

Ba zan gajiyar da ku da tekun yashi ba, inda tuddai ke tashi su canza wuri kamar garken shanu, ko dajin da itatuwansa ke juya wa baƙo baya. Abin da ya shafi labarina shi ne Ƙofar Tagulla. Wasu duwatsu ne biyu da suka tokare sama, babu hanyar gabas sai tsakaninsu, a tsakanin kuma ga ƙofa mai tsawon giginya uku. Ba ta da mai gadi, ba ta da mabuɗi. Madugu ya bayyana mini cewa mai fitowa daga gabas ba ruwanta da shi, amma mai shiga sai ya tsaya ya faɗi wani laifi da ya aikata da gaske, ita kuma ta buɗe daidai girman laifin.

Madugu ya fara. Ya ce shekara goma yana auna wa mutane gishiri da mudun da ya bubbuge gindinsa. Ƙofa ta yi ƙara ta wage, raƙumansa suka shige da kayansu, jakina ma ya bi su a guje. Sauran fatake kowa ya faɗi nasa ya wuce, wani a miƙe, wani a karkace. Aka bar ni ni kaɗai.

Na gyara murya na ce ina shekara bakwai na saci tsoka a tukunya na bari aka doki kyanwa. Ƙofa ta motsa kaɗan, ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Na ce na taɓa gaya wa wata amarya ta yi kyau alhali ba ta yi ba. Ta ƙara taku ɗaya na kaza. Na zazzage duk ƙananan laifuffukan da na tuna, har da waɗanda na aro, amma na aron ba ta ko kula su ba. Maganar tinya ta hau har maƙogwarona, na haɗiye ta. Sai dabara ta zo mini. Na kira Madugu ya turo mini tandun man kaɗanya ta tsagar, na shafe jikina tun daga kunne har idon sawu, na shaƙe numfashi, na kutsa a karkace. Na fito ta can da guntun zane, kafaɗa a ɗaye, kunne ɗaya yana jini. Madugu ya dube ni ya dubi tsagar, ya ce shekararsa talatin yana bin hanyar nan bai taɓa ganin wanda ya sha wuya haka don ya riƙe abin da ke cikinsa ba. Ni kuwa a ranar ji nake babu mai wayo irina.

A ƙarshen wata na uku muka iso bakin Girgiza, ayari ya karkata arewa, na rage ni da jakina. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kore shar da gansakuka, iya ganinka babu tudu. In ka taka nan sai can ya motsa, don duk ƙasar a kan ruwa take kwance. Mutanen wurin suna ɗaura wasu manyan faya-fayai na kaba a ƙafa, suna tafiya a tale. Wata mata ta miƙo mini guda biyu, ta ce in bar jakin a tudu. Jakin na bari, na ɗora ɗaurin zannuwana a kai, amma faya-fayan na ce ta riƙe abinta, ni Kuluwa ba zan shiga garin mutane ina tafiyar agwagwa ba.

Taku goma sha biyu na yi. A na sha uku ƙasa ta buɗe ta karɓe ni har ƙugu, da na yi wutsil-wutsil ta kai ni hammata. Matar ta riga ta yi nisa. Tun hantsi nake nan har rana ta take tsaka, ina kiran sunan duk wanda na sani. Da na ga motsi ƙara nutsar da ni yake, sai na kwance ɗaurin zannuwan da ke kaina, na shimfiɗa su ɗaya kan ɗaya a bayana, na kwanta rigingine a kansu na baje hannuwa. A hankali ƙafafuna suka taso. Haka na yi ta birgima har na kai wani kututture, na rungume shi kamar ɗan'uwa. A nan masu haƙar laka suka same ni, baƙa ƙirin, babu abin da ke fari a jikina sai ido.

Yanzu zan faɗa muku wani sirri. Ni mai gyaran jikin Sansami ina da faso a diddige, irin mai kama zaren tabarma, shekara da shekaru ina rufe shi da lalle. Da aka zuba mini ruwa aka wanke ni, na shafa diddigena na ji ya yi laushi, bakin tsagar ya kwanta. Na manta da kunyar da na sha, na hau murna.

Aka kai ni wurin Inna Gwamma, tsohuwar da ke kula da ramukan laka. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, fatar hannunta kuwa ta fi ta 'yan matan da nake yi wa dilka. Kwana bakwai na yi a wurinta ina kallon aiki. Ta nuna mini cewa wannan ba taɓon bakin rafi ba ne. Gansakuka ce da ganye da saiwoyi da suka mutu suka kwanta cikin ruwa tun kafin kakannin kakanni, iska ba ta taɓa su ba, suka narke suka zama baƙi mai santsi. Ta sama ba ta da amfani, sai an haƙa tsawon mutum biyu. A tsince saiwoyin da hannu, a dama da ruwan wurin. Mai ciwon gaɓoɓi da sanyin ƙashi a ɗumama masa ita a tukunya, don tana riƙe zafi ta sake shi a hankali. Mai ciwon fata a shafa masa da sanyinta. Ba a sa ta a kan buɗaɗɗen rauni. A rufe da ganye a bar ta gwargwadon lokacin dahuwar wake, a wanke da ruwa zalla ba sabulu, mutum ya kwanta ya huta. Wadda aka yi aiki da ita kuma ba a zubarwa, akwai ramin da ake mayar da ita ta shekara goma tana hutawa.

Ina jin duk wannan ina gyaɗa kai, ina cewa ai mu ma haka muke yi, alhali ban taɓa ganin ko mai kama da shi ba.

Rana ta bakwai ta tambaye ni ina mai ciwon. Na ce tana gida. Ta ce su a al'adarsu mai ciwo ke zuwa wurin laka. Ta tambayi yadda ciwon ya fara, don da haka ake sanin irin haɗin da za a yi. Na ce haka kawai aka wayi gari yatsu suka ƙage, sanyi ne ya shige su. Ta daɗe tana kallon kunnena da ƙofa ta yaga. Daga baya ta sa aka cika mini tulu huɗu, aka toshe bakinsu da ɗanyen ganye, aka naɗe su da jiƙaƙƙen buhu.

Ta ce, "'Yar nan, abu ɗaya zan gaya miki. Kullum ki yayyafa wa buhun ruwa. Kada ki bari rana ta ga lakar nan."

Na ce, "Inna, ai sana'ata ce. Kada ki damu."

Tulu huɗu na jiƙaƙƙiyar laka ba wasa ba ne. Kwana goma da barin Girgiza jakina ya fara durƙushewa, na sauke ɗaya na ɗora a kaina, wuyana ya shige cikin kafaɗa. Ruwan da zan sha kuma shi nake raba wa buhu. Da na fito ta Ƙofar Tagulla na zauna a kan wani falalen dutse, sai na hau tunani. A Sansami wane magani ne ba a shanyawa? Saiwa shanya ta ake, sassaƙe shanya shi ake, kuka da kuɓewa da daddawa duk sai sun sha rana kafin su yi tafiya. A shanya, a daka, a tankaɗe, in an tashi aiki a jiƙa. Na ce wayyo mutanen Girgiza, ga magani Allah ya ba su amma bai ba su dabara ba, suna ta dakon ruwa a tulu. Har tausayinsu na ji.

Na juye tulunan huɗu a kan dutsen, na baje da hannu. Kwana uku rana ta yi aikinta. Lakar ta ƙanƙance ta yi fari-fari, ba nauyi, na farfasa ta da dutse, na tankaɗe da bakin mayafi, ta dawo 'yar jaka guda da nake ratayawa a kafaɗa. Na bar tulunan a nan, na haye jakina. Duk tsawon tekun yashi ina tsara yadda zan koma wata rana in koya wa Inna Gwamma sana'arta.

Ranar da na isa gida ban ko huta ba na aika aka kira maƙwabta, don ina son a yi abin a gaban shaidu. Mata suka cika tsakar gida. Yaya ta fito ta zauna a kan turmi, ta rame, hannayenta a kan cinya. Na kawo ƙwarya da ruwa, na yi jawabi a kan nisan da na je da haɗarin da na tsallake, na zazzaga garin a ruwan.

Ya tsaya a sama. Na juya da ludayi, ya zagaya ya dawo ya tsaya. Na danna shi ƙasa da tafin hannu, ya taso a bushe, ko jiƙa bai yi ba. Na ce ruwan ne ya yi sanyi, aka kawo mai zafi, duk ɗaya. Na sa muciya na tuƙa har gumi ya jiƙa ni, abin da na samu wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne masu ƙaiƙayi kamar dussa. Ashe lakar nan in ta bushe sau ɗaya ta yi sallama da ruwa ke nan har abada. Cikin haushi na watsa abin da ke hannuna a murhu, sai ya kama ci da wuta a hankali, ja wur, ba ya mutuwa. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce kai, wannan gawayi da kyau yake, a ina ake sayarwa? Mata suka fita suna toshe baki da mayafi.

Yaya ta ce to ai ba a yi asara duka ba, a ɗora tukunya. Mako guda muna tuwo da tafiyar wata shida.

A cikin makon nan ne matar maƙwabcinmu ta fara naƙuda, yarinyar da Yaya ce ta karɓi haihuwarta, ta kuma yi mata wanka da hannunta. Aka wuce ta ƙofar gidanmu aka je unguwar marina. Yaya ta zauna a gindin katanga tana sauraro, tana faɗin abin da ya kamata a yi a hankali, ita kaɗai, yatsunta suna ƙoƙarin motsi suna kasawa. Da jaririn ya yi kuka ta ce alhamdu lillahi, ta share ido da bayan hannu. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba. Duk da haka abin da ya fito daga bakina shi ne ta shirya, zan kai ta Girgiza da kaina.

Na ɗora ta a jaki, ni ina ƙasa. Ni ke ba ta abinci a baki, ni ke ɗaura mata zane. Da muka iso Ƙofar Tagulla na bayyana mata ƙa'ida, na fito da tandun mai ina shirin abin da na saba. Yaya ta ce in dakata. Daga kan jakin ta dubi ƙofar ta ce ita ta san wata magana, ta yi shiru a kanta, kuma shirun nan ba duka haƙuri ba ne, akwai mugunta a ciki, don tana ganin mai maganar yana shan wuya tana ƙyale shi. Ƙofa ta buɗe har muka wuce mu biyu da jaki ba tare da mangala ta taɓa gefe ba. Ni da wautata sai na ce a raina, oh, ashe Yaya ma tana da abokan gaba.

Wannan karon na ɗaura faya-fayan kaba ba musu, na yi tafiyar agwagwa har gaban Inna Gwamma. Ta tambayi tulunanta, na ba ta labari a gajarce. Ba ta yi dariya ba, amma masu haƙa da ke bayanta sai da ɗaya ya zauna a ƙasa don dariya. Ta ce su ma suna shanya lakar da ke sama, da ita suke hura wutar girki.

Ta kama hannayen Yaya ta juya su, ta daɗe tana dubawa. Sai ta sa aka kawo tukunya daga kan wuta, laka tana tururi a ciki, aka ajiye a gabanmu.

Ta ce, "Ƙanwarki ta ce sanyi ne ya shige su haka kawai. In haka ne, mai zafi ce maganinsa. In kuwa wani abu ne ya ƙone fatar, zafin nan zai ɗaye abin da ya rage, kuma ba na jin za ta sake fitowa. Ke me kika sani?"

Yaya ta ce, "Abin da Kulu ta faɗa shi ne. Ita ce mai sani."

Ta ture mayafi, ta miƙa hannayen nan biyu saman tukunyar, tururi yana dukansu. Ba tukunyar take kallo ba, ni take kallo. Na duba hagu na duba dama, babu tsagar da zan shafa mai in kutsa. Yatsunta suka kusa taɓa lakar.

Na riƙe wuyan hannunta na ce, "Yaya, tsaya. Ba sanyi ba ne. Nonon tinya na zuba a man nan, rabin ludayi, na rufe da turare. Ni na ƙone ki. Na yi miki ƙarya, na yi wa Inna ƙarya."

Na durƙusa a cikin caɓi ina kuka irin wanda rabona da shi tun ina goye a bayanta. Ina jira ta zage ni ko ta juya mini baya, don da ta yi hakan da na ji sauƙi.

Ta ce, "Barka da sauka, Kulu."

Na ɗago kai.

Ta ce, "Shekara talatin ina shiga daji neman saiwar masu jego, kina zaton turare zai ɓoye mini warin tinya? Na ji shi. Na ce ƙanwata ta san aikinta, wataƙila ɗigo ɗaya ne, kada in kunyata ta. Wannan wautata ce ni. Da aka kwance tsumma na san sauran."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Da farko haushi. Daga baya kuma sana'a. Ungozoma ba ta jawo ɗa da ƙarfi, zama take ta jira. Amma wallahi ban taɓa ganin doguwar naƙuda irin taki ba. Wata tara kina yawo da magana ɗaya a ciki, har ƙasa ta haɗiye ki ta tofar."

Na tambaye ta ko da ban yi magana ba za ta tsoma hannun. Ta ce kan ɗan ya riga ya leƙo tun a Ƙofar Tagulla, ta san ba zan bari ta tsoma ba. Inna Gwamma kuwa ta jawo wata ƙwarya daga bayanta, laka ce mai sanyi an dama ta da ruwa-ruwa, a shirye tun kafin a sauke tukunya. Ta ce ita ma tana da ido, tabon ƙuna ba ya kama da sanyi. Mai zafin kuma ta ce ba za a yi asararta ba, a shafa wa wuyan nan nawa da tulu ya tanƙwara.

A Girgiza mai ciwo ba ya shafa wa kansa, kuma Inna ta ce ba wanda zai shafa wa Yaya sai ni. Kowace safiya in ɗaura faya-fayai in je rami, in ɗauko, in tsince saiwoyi, in dama. In bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, in kauce wa inda ya tsage har ya rufe, in naɗe da ganye, mu zauna jiran dahuwar wake. In wanke da ruwa zalla, in shafa man kaɗanya wanda babu komai a cikinsa sai man kaɗanya, in kwashe tsohuwar lakar in mayar ramin hutu. Sau biyu na kawo shawarar a ƙara ɗan kurkum don ƙamshi da launi, sau biyu Inna ta dube ni har na tuna ina da aiki a waje.

Ƙaiƙayi ne ya fara tafiya, a mako na biyu. A na huɗu fatar ta yi laushi ta daina tsagewa. Ran kwana talatin da shida Yaya ta ɗauki ludayi ta sha kunu da kanta, rabi a baki rabi a zane, muka yi ta dariya har Inna ta leƙo. Tabon bai tafi ba, kuma ƙaramin yatsanta na hagu bai sake lanƙwasuwa ba har yau. Kullum na gan shi na san aikina ne.

Muna shirin komawa sai matar wani mai haƙa ta kama naƙuda da hantsi, ɗa ya zo a karkace, matan wurin suka rasa yadda za su yi. Yaya ta ji salatinsu daga inda take. Ta dubi hannayenta, ta buɗe su ta rufe, ta ce in kawo ruwan ɗumi in biyo ta. Na tsaya a bakin bukka riƙe da ƙwarya, ina jin muryarta tana lallashi, irin muryar da na shekara ban ji ba. Can sai kuka ya tashi. Ta kira ni ciki, ga jaririya tana wutsil-wutsil a cikin hannayen nan masu tabo, sun riƙe ta gam.

Ta ce, "Miƙo aska, Kulu."

Na miƙa, ta karɓa da yatsu uku, ta yanke cibiya.

Iyakar hikayata ke nan, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ku tambayi Yaya, tana nan Sansami tana karɓar haihuwa. Ni kuwa duk shekara ina raka masu ciwon fata zuwa Girgiza, kuma na daina tafiya da tandun mai. In na tsaya a gaban Ƙofar Tagulla na faɗi abin da na zuba a man Yayata, buɗewa take har raƙumi biyu su jera, Madugu Cindo ma a bayana yake fakewa ya wuce.